Ruwan da Ya Riga Shamuwa

Ruwan bana ya zo da wuri, kuma ban yi murna da zuwansa ba. Ranar wata Laraba da la'asar hadari ya taso ta wajen Dutsen Zuma, iska ta kwashe ledojin unguwa ta watsa sama, sannan ruwa ya zuba kamar da bakin ƙwarya. Yaran 'yan haya suka cika tsakar gida da tsalle. Matar da ke ɗakin ƙofa, wata 'yar Katsina da mijinta ke aiki a Abuja, tana jera bokitai tana ce min zafi ya ƙare. Na ce mata Allah ya sa. Da ya ɗauke sai na zaga bayan gida na tona ƙasa da hannuna. Lemar ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba. Ƙarƙashinta ƙasa ce busasshiya, da ɗuminta, kamar tokar murhun da aka sauke tukunya ba da jimawa ba. Irin wannan ruwan na san shi. Mun taɓa gamuwa.

Ina da jika a gabana, ɗan babban ɗana da ya rasu. Sunan maigidana aka sa masa, don haka bakina bai taɓa kama sunan ba. Abba kowa ke ce masa. Ya yi karatu har ya gama, ya yi bautar ƙasa, ya dawo ya zauna. Zaman nan na ganshi da idona yana cin yaron kamar yadda gara ke cin azara, waje lafiya, ciki rami. Safiya ya sa riga mai guga ya bi motar Abuja, yamma ya dawo da takardunsa a hammata. Daga baya ya daina gugar, daga baya ya daina zuwa. Sai ga wani abokinsa ya dawo daga dajin da ake haƙar zinariya, da sabon babur da waya mai faɗin tafin hannu, yana ɗauke shi suna zuwa Gauraka cin nama. Tun daga nan na ga jaka ta bayyana a ƙarƙashin gadon Abba. Ban tambaye shi ba. Ina shara, ina ganin jakar tana ƙara ciki.

Abin da ya tsayar da shi wani horo ne da aka kawo garin nan don matasa marasa aikin yi. Wai ana koya musu kasuwancin da mutum zai ci abinci a cikinsa, jama'a ma su amfana. Aka ba su fararen riguna, suna taruwa a wani zaure cikin gari. Malamarsu, Madam Rifkatu, ta ce kowa ya koma gida ya duba abin da ke damun mutanensa, ya kuma duba abin da ke hannunsa. Abba ya dawo ya tsaya a ƙofar madafa ya ɗaga kai yana kallon irin masarata da ke rataye saman murhu, hayaƙi ya mai da ɓawonta baƙi.

Ya ce, "Amarya, ashe da dukiya kike kwana kina bar ni ina yawo."

Na ce, "Angon da ba ya cefane shi zai san abin da ke madafa?"

Jar masara ce, ƙaramin kai gare ta, amma tana nuna da wuri kuma ba ta neman taki mai yawa. Shawararsu shi da abokan tafiyarsa ita ce su shuka ta su yawaita irin, su raba wa matan da ke noma a filayen Maje da ba a riga an gina ba, in kaka ta yi kowace ta mayar da abin da ta karɓa a ba wata, sauran kuma a gasa a sayar a bakin titin Gauraka. Ba zan yi ƙarya ba, shawara ce mai kyau. Tun ranar yaron ya koma cin tuwo har yana neman ƙari, jakar kuma ta daina ƙaruwa.

Sai dai akwai sharaɗi. Manyan da suka kawo horon za su zo daga Abuja a ranar da suka sa, su zaga su ga aikin kowa. Wanda aikinsa ya tsaya da ƙafarsa za a tallafa masa, su Abba injin ban ruwa za a ba su. Sai an ga kore a gona za a ba da injin da zai sa gona ta yi kore. Shi ya sa da ruwan nan na Laraba ya sauka, kafin tsakar gida ta tsane Abba ya shigo da ɗoki yana cewa in sauko da iri.

A nan ne wata shekara ta dawo min, da zafinta da warinta.

Lokacin muna Maje, ba a daɗe da karɓe wa garin nan sunansa na Abuja an kai wa sabon birnin da ake ginawa ba. Maje ta lokacin gonaki ce da rumbuna, da wani ƙaton rimi a bakin hanya. A kan rimin nan shamuwa ke sauka, kuma tsofaffi ba sa yarda a zuba iri a ƙasa sai sun ga ta sauka, sun kuma tona sun ga lemar sama ta haɗu da ta ƙasa. Bazarar shekarar ta yi tsanani. Rana tana fitowa fara fat, ba ja ba, kafin hantsi ƙasa ta hana mutum takawa ba takalmi. Kaji suna kwanciya gindin randa baki buɗe. Kakar da ta wuce ma ba ta yi auki ba, rumbunmu in ka leƙa sai ka ji muryarka ta dawo maka.

Noma a lokacin na gayya ne. Magidanta su haɗu su yi wa wannan huɗa yau, gobe su koma gonar wancan, mata da yara suna biye da iri suna shukawa. Sarkin noma ke tsara wanda za a fara da shi da wanda zai biyo. A shekarar aka ce da Malam, maigidana, za a fara. Girma ne, bai taɓa samu ba, kuma ya ji daɗinsa har cikin ransa. Mai gayya shi ke ciyar da mutane, saboda haka tun kafin ruwa na surfa dawar da ta rage mana, na kai niƙa, na tanadi kuka da daddawa. Wanda kuma ya ce a ɗaga masa ranarsa, to ya koma ƙarshen layi.

Sai ruwa ya sauka, guda ɗaya, mai ƙarfi, irin na Larabar nan. Shamuwa ba ta zo ba. Na tona na nuna wa Malam hannuna. Ya duba, don shi ma manomi ne ɗan manomi, ba abin da na gani da bai gani ba. Ya ce an riga an sanar da mutane, garin tuwo yana cikin ƙwarya, makaɗi ya ɗaure gangarsa. In ya janye yanzu da wane ido zai dubi sarkin noma, da me kuma zai ciyar da gayya a ƙarshen layi in mun cinye garin? Ya ce Allah da ya kawo na farko zai kawo na biyu.

Aka yi gayya, kuma ta yi kyau, wannan ba zan hana ta ba. Garemani suna tashi tare suna sauka tare, ganga tana binsu, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika wuri. Mu mata muna baya, a jefa ƙwaya a take da diddige. Na yi tuwo tukunya bayan tukunya har hayaƙi ya rufe min ido. Kafin la'asar duk irin da muka mallaka yana cikin ƙasa. Aka yi wa gidaje biyu ko uku bayanmu, sannan garma ta fara tashi da ƙura, sarkin noma ya ce a dakata.

Masara ta tsiro. Wannan shi ne abin da ya fi ciwo, da ba ta fito ba ma da sauƙi. Ta fito layi-layi, kore shar, mai wucewa sai ya tsaya ya yi wa Malam barka. Sama kuwa ta koma fara kamar ba ta taɓa sanin hadari ba. Da farko ganyen kan murɗe da rana ya warware da yamma. Daga nan ya zama in ya murɗe sai sanyin asuba ya warware shi. Daga nan ya daina warwarewa. Muka koma ɗaukar ruwa daga rafi a tulu, ni da yara da Malam, muna zuba wa kunyoyin da ke kusa. Ka zuba ruwa ka ji ƙasa ta yi tsuwa ta shanye, ka juya ka dawo ka rasa inda ka zuba. Rafin ma ya koma kwari, sai an tona yashi a jira ya taru a kwasa da ƙoƙo.

A gida kuwa, tuwo ya koma sau ɗaya, sannan ya koma kunu, sannan kunun ya koma na dusa. Garin ɗorawa ya rufa mana asiri, a dama wa yara su sha bakinsu ya yi rawaya, cikinsu ya kumbura su yi shiru na ɗan lokaci. Mangwaro tun yana ɗanye ake kaɗo shi a dafa. Na tsinki zogalen gidanmu har ya koma sanda. Na koyi ɗora tukunya da ruwa zalla in rufe, in ce wa yara bai nuna ba, har barci ya ɗauke su. Maza suka fita roƙon ruwa da riguna a juye, suka dawo da gumi. Hadari yakan haɗu da yamma ya yi baƙi, iska ta kawo ƙamshin ruwan da ya sauka a wani wuri, mu fito da ƙore mu tsaya, sai ya watse.

A lokacin manyan motoci suna zuwa bakin hanya da safe suna kwasar maza zuwa aikin sabon birni, masu fasa dutse da masu haƙar ƙasar cika titi. Malam ya sha cewa shi ba zai bar gonar ubansa ya je ya ɗauki kwanon wani ba. Ban taɓa jin ya canza magana ba. Abin da na gani kawai shi ne, wata rana da yamma ya dawo daga gona ya zauna ya kankare garmarsa tas, ya ce in ba shi man kaɗe. Ya shafe bakinta, ya nemi tsohon buhu ya naɗe ta, ya ɗora a saman rumbu. Haka ake yi wa garma in an gama kaka, don kada ta yi tsatsa kafin wata shekara. Ba a yi mata haka damina tana ƙofa. Ni na miƙa masa man, ni na nemo buhun. Da safe ya bi mota.

Ya dawo mana sau biyu ko uku da shinkafa a ƙulle da gwangwanin madara, hannuwansa duk sun tsage. Sannan shamuwa ta sauka a kan rimi, ruwan gaskiya ya zo, ya yi ta zuba ba ƙaƙƙautawa. Waɗanda ke ƙarshen layin gayya, da ake yi wa kallon marasa galihu, su ne masu iri a hannu. Na aika wa Malam ya dawo, ya ce bari ya cika watan. Ruwan nan da muka roƙa shi ya jiƙa bangon ramin da suke haƙa har ya rufta masa. A bayan tipa aka kawo shi, da jar ƙasa a cikin kunnuwansa.

Ban gama takaba ba wata maƙwabciyarmu Bagwariya, Ladi, wadda gidansu ne na ƙarshe a layin, ta shigo da kan masara a ƙwarya ta ajiye a gabana. Ba ta iya dogon zance da Hausa ba. Ta ce wannan tana sauri, ko yanzu aka shuka za ta kama. Ita da 'ya'yanta suka shuka min. Jikokin masarar nan ne ke rataye a madafata yau. Duk shekara ina samun inda na soka ta, ko bayan gida, ko filin wani da bai tashi gini ba. Duk kaka kuma ina shafe fartanyata da man kaɗe in naɗe ta a buhu, Abba tun yana rarrafe yake kallona ina yi.

To, da ya ce in sauko da iri, na ce ya je ya tona ya gani. Ya ce ya tona. Ya ciro waya ya nuna min wasu zane-zane, ya ce masu duba yanayi ma sun ce za a yi tsaiko bayan ruwan farko. Kada wani ya kawo min zancen abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Yaran nan sun hango sarai. Rimin ne babu, an sare shi an yi gidan mai a wurin, shamuwa kuma ko ta zo ban san inda za ta sauka in gan ta ba.

Washegari Madam Rifkatu ta zo da kanta, mace mai kamun kai, ta durƙusa ta gaishe ni. 'Yar manoma ce daga duwatsun wajen Jos. Na kai ta bayan gida, ba ta jira na nuna mata ba ta naɗe hannun riga ta tona, ta daɗe tana murza ƙasar a tafinta. Ta ce ta roƙi a ɗaga ranar zuwan baƙin, aka ce an riga an tsara, an sanar da masu ɗaukar hoto, wasu ma daga nesa za su taso; wanda bai shirya ba sai wani zagayen, wani zagayen kuma ba wanda ya san ranarsa.

Ta ce, "Mama, ni ma aiko ni aka yi. In sun shuka, wataƙila. In ba su shuka ba, babu wataƙila."

Na ce, "An riga an sanar da mutane, gari yana cikin ƙwarya."

Ta dube ni ba ta gane ba, ban kuma yi mata bayani ba. Na sa kujera na hau na sauko da masarar. Na ware kaɗan na mayar saman murhu a gaban idon Abba. Ba irin nake ji ba. Iri ana samunsa a hannun maƙwabci, Ladi ta koya min wannan. Abin da ba a kawo wa mutum a ƙwarya shi nake tsoro.

Sun shuka a wani fili a Maje, tsakanin ginin da ya kai linta da wani da aka zuba harsashinsa aka bari. Na je na gani. Su ma gayyarsu suka yi, maza da mata cikin fararen riguna, Musulmi da Kirista, waya tana yi musu kiɗa a kan bulo, suna zolayar juna da Turancin da ban ji. Wata yarinya tana jefa ƙwaya tana takewa da takalmin roba, na gyara mata tazara, ta ce, "Tankiyu, Kaka." Ƙamshin ƙasar bai canza ba ko kaɗan.

Ta tsiro, layi-layi. Abba ya ɗauki hoto ya kawo min har ɗaki yana cewa amarya ta ga aikin ango. Tun daga ranar sama ba ta ƙara ɗigo ba. Zafin bana kuma na cikin gari ne, kwano a sama, siminti a ƙasa, ba inuwar da za ka gudu. 'Yan haya suna kwana a tsakar gida, rijiyarmu guga yana dawowa da laka. Yaran suka koma jigilar ruwa a jarkoki cikin Keke daga wata rijiyar burtsatse, tun asuba. Da farko dukansu ke fita. Yanzu in na tambayi Abba su nawa suka je sai ya ce, "Mun je dai." Jiya na sa ya kawo min ganye ɗaya. Da sassafe ya tsinko shi, amma a murɗe yake kamar igiya, gefensa ya fara komawa ruwan toka.

Baƙin Abuja saura 'yan kwanaki su zo. Abokin nan mai babur ya dawo gari, sau biyu ina jin ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida ba ya shigowa gaishe ni. Abba ya daina ce min amarya. Kaka yake cewa yanzu, da ladabi, kamar baƙo. Hadari yana haɗuwa ta wajen Zuma kusan kullum da la'asar, 'yar Katsina ta fito da bokitanta, iska ta kawo ƙamshin ruwan wani gari, ta mayar da su ɗaki.

Ɗazu kafin magariba ya dawo daga Maje. Kullum a bayan ƙofa yake jingine fartanya da ƙasarta. Yau sai ya zauna a bakin rijiya ya sa tsinke yana kankare ta, a hankali, har bakin ya fito fari. Ina zaune a ƙofar ɗakina a kan buhunan da na ninke nake zama a kai saboda ciwon ƙugu. Ya gama, ya juya ta ya duba, sannan ya taso ya tsaya a gabana, bai kalli fuskata ba.

Ya ce, "Kaka, akwai man kaɗe?"

Na ce ya ƙare.

Ya ce, "To tsohon buhu fa?"

Na gyara zama, na baza zanena ya rufe gefen da ya leƙo.

Na ce, "Gidan nan babu buhu. Mai da ita bayan ƙofa, gobe akwai ban ruwa."

Ya tsaya da ita a hannu. Bai mayar ba, bai kuma tafi ba. Can ta wajen Zuma aka yi wata ƙara mai nisa, ban sani ba ko tsawa ce ko tipa ce ke juye dutse.